Tsohuwar da Na Bari a Garajin Jirgi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke rufa wa bayinsa asiri. Ya rufa mini nawa shekaru masu yawa, yau kuma ni zan buɗe shi da hannuna.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a ƙofar gidan ƙanwata a unguwar Kurayyat ta nan Jidda, 'ya'yanta biyu da abokansu suna hira. Dukkansu suna tuƙa ƙananan jiragen yawon shaƙatawa a gaɓar tekun Abhur. Sai babban ya dube ni ya ce, "Kawu, ai naku na da ba aiki ba ne. Sawakin zuwa Jidda? Ka kishingiɗa, ka tashi, halas, an iso." Suka yi dariya, ni ma na taya su. Ban ba su amsa ba, domin amsar doguwa ce, kuma akwai laifina a cikinta. Shi ya sa na ɗauki biro. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da yadda ya zo.

Sunana Usman. A nan Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina ɗaure motoci a jirgin ruwan da ke jigilar mutane da motoci tsakanin Sawakin ta ƙasar Sudan da Jidda. Sawakin tsohon gari ne a kan wani ɗan tsibiri, gidajensa duk sun rurrushe, tashar da muke lodi kuma tana kallonsa. Gaskiya ne tafiyar ba ta da nisa. Tsofaffin ma'aikata da suka zaga duniya ma tsallaken kwata suke kiranta. Amma ruwa bai san kusa ba.

Wurin aikinmu shi ne cikin jirgin, can ƙasa, inda motoci ke shiga ta babbar ƙofar baya. Garaji muke ce masa. Babu taga, sai fitilu da fankoki. Ƙasan ƙarfe ne, an dasa masa zobba a jere. Kayan aikinmu ba su da yawa: sarƙa mai ƙugiya a kowane kai, wadda in ka ɗauki biyu a kafaɗa sai ka ji a ƙugunka, ƙarfen tamke sarƙa, da muke kira shaddad, ɗamarar zare ta ƙananan motoci, waigi na katako da ake cusawa gaba da bayan taya, dusar katako ta shanye mai, tsofaffin tayoyi, da usur. Ƙaramar mota ɗamara huɗu ta ishe ta. Babbar mota mai kaya sarƙa takwas take ci, huɗu ta dama, huɗu ta hagu, kowace a karkace, wasu na ja gaba, wasu na ja baya. Dalili kuwa, motar kaya a kan sifirin take zaune. In jirgi ya karkata kaɗan, kayanta sai ya karkata da yawa, in ya dawo ya dawo da fushi. Sarƙar da ke da sako-sako ba tsinkewa take yi nan take ba. Fizgarta ake yi, a sake ta, a fizge ta, har ƙugiyar ta miƙe.

Wanda ya koya mini aikin Baba Sale ne, Bahaushen Bur Sudan. Shi ne rayyis, wato shugaban ma'aikatan garaji. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ba ya ɗaga murya. Satina na farko bai bar ni na taɓa shaddad ba, sai bin sa kawai da nake yi. In an gama ɗauri yakan bi layi yana dukan kowace sarƙa da dunduniyar takalminsa, kansa a karkace yana saurare. Ya ce mini, "Usman, wadda ta tamku amsawa take yi. Wadda ba ta tamku ba gunaguni take yi. Ido yana ƙarya a garaji, kunne ba ya yi." Ranar da na fara ɗaure mota ni kaɗai, ya zo ya doki sarƙoƙina takwas, ya kwance biyar, ya wuce. Sau uku na sake ɗaure motar nan kafin ya gyaɗa kai.

Direbobi su ne wahalarmu ta biyu bayan sarƙa. Kowa yana ganin motarsa ce ta fi. Wannan ya ce kada ƙugiya ta taɓa masa fenti, wancan ya ce birkin hannunsa sabo ne, ba ya bukatar waigi. Wasu kuma ba sa yarda su rabu da kayansu, sai su shige ƙarƙashin mota su yi lamo har a kulle. Na taɓa kama wani dattijo ya hura gawayi a ƙarƙashin tankin mansa zai dafa jabana, irin gahawar mutanen Sudan, har yana yi mini tayi. Baba Sale ya juye wa garwashin bokitin ruwa, ya karɓi butar, ya ce, "Yalla, hau sama, ya Hajj. In mun isa Jidda da rai ni zan dafa maka."

Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: in jirgi ya tashi, ba mai rai a garaji. Akan kulle ƙofofin matakala, makullin yana wuyan rayyis, ba a buɗewa sai da izinin kyaftin. In wuta ta tashi ko ruwa ya shigo, ba wanda zai je nema a can, domin kowa ya san ba kowa.

Mugunyar shekarar ta zo mana bayan na kai shekara tara a aikin. Jirgin ya tsufa, masu shi kuma sun ƙi gyara. Mu takwas ne a garaji, aka mai da mu huɗu: Baba Sale, da ni, da wasu Misirawa biyu. Lif ɗin da ke hawa da tsofaffi da marasa lafiya ya mutu, aka bar shi. Robar babbar ƙofar baya ta fara yoyo, kowace tafiya sai Baba Sale ya tsaya a kanta da kansa. Lodin da muke yi a awa uku ya koma awa biyar, kuma kyaftin yana sama yana ta kira a oba-oba. A nan na fara koyon abin da ba a koya mini ba. In na ga ruwa ya kwanta, sai in rage sarƙa ɗaya a nan, biyu a can. Sau da yawa na yi, ba abin da ya faru, har na fara ganin tsohon ne mai tsanani.

Ranar da zan ba ku labari lokacin sanyi ne, jirgi cike da masu zuwa umra. Takardu sun tsai da mu a Sawakin, ba mu samu kammala lodi ba sai bayan sallar asuba. Ruwan tashar lumui kamar mai a faranti. Ni ke da layin hagu. Motoci biyu suka rage mini: wata babbar mota da aka yi wa lodin buhunan riɗi har ya wuce kanta, da wata farar ƙaramar mota. Na saka ƙaramar a jikin bangon jirgi, babbar a gefenta, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba.

Mai ƙaramar ya fito, sai na ga Malam Yakubu ne, direba, wanda muke salla masallaci ɗaya a Kurayyat. Ya haura sittin, ga ciwon baya da ya sa yake tafiya a duƙe. Ya je hutu gida Gadarif a ƙasar Sudan, ya ɗauko mahaifiyarsa zai kai ta umra.

"Usman! Alhamdu lillahi da na same ka. Zo ka gai da Hajja."

Na durƙusa a bakin ƙofar baya. Wata 'yar tsohuwa ce cikin farin mayafi, carbi a hannu, ƙafafunta a kumbure.

"Sannu da hanya, Hajja."

"Yawwa. Yakubu, wannan ɗan waye da Hausa garau a bakinsa?"

"Ɗan Jidda ne, Hajja, amma namu ne."

"Kakanninka daga ina, ɗana?"

"Daga Haɗeja aka ce."

"Ikon Allah! Uwata ma daga can aka goyo ta. Ashe gida na zo."

Na gaya mata lif ya mutu, matakalar kuma ta ƙarfe ce, ta fi taki arba'in, amma muna da kujera, mu huɗu za mu ɗauke ta har sama. Sai ta ja mayafinta ta rufe baki.

"Maza huɗu su ɗauke ni kamar gawa, ina kan hanyar Ɗakin Allah? Tun da uban Yakubu ya rasu hannun namiji bai taɓa ni ba. Ka bar ni a nan, ɗana. Ga ruwana, ga dabinona, ga carbina. Ba an ce kafin magariba mun isa ba?"

"Hajja, doka ta hana."

"Dokar ba ta da uwa ne?"

Malam Yakubu ya riƙe hannuna. "Don Allah, Usman, ka yi mana kara. Da bayana lafiya lau ne da ni zan goya ta. Ka ga ruwan ma a kwance yake."

Da Balarabe ne ko Bahindiye ya roƙe ni, wallahi da usur zan busa masa. Amma tsohuwa sa'ar kakata ta kira ni ɗanta da Hausa, babba kuma yana riƙe da hannuna. Ba a yi mana tarbiyyar cewa a'a a irin wannan wuri ba. Na ce, "To, Hajja." Na sassauta mata gilashi kaɗan don iska, muka rataya zannuwa a tagogin don kada a gan ta, Malam Yakubu ya hau sama da sauran fasinjoji.

Laifi ba ya tafiya shi kaɗai. Misirawan nan biyu suka taho da sarƙoƙi za su taya ni ɗaure motar riɗi. Na ji tsoron kada tsohuwar ta yi tari su ji, sai na ce su je su taimaki rayyis a ƙofar baya, ni zan ƙarasa. Suka tafi da sarƙoƙinsu. Huɗu ne a hannuna, sauran suna can ƙarshen garaji. Na ɗaura biyu ta dama, biyu ta hagu, na cusa waigi. Na ce a raina, bayan azahar in mun sauko zagayen dubawa sai in ƙara huɗun, in kuma leƙa Hajja. Kyaftin yana ta kira. Baba Sale yana can yana fama da robar ƙofa, ranar bai samu bin layi da dunduniyarsa ba. Daga nesa ya ɗago kai.

"Usman, layin hagu?"

"An gama, Baba."

"Mai riɗin fa, takwas?"

"Takwas."

Ya kulle, ya rataya makullin a wuya, muka hau.

Muka wuce tsibirin, muka bi ta tsakanin duwatsun ruwa a hankali, muka fita fili. Da hantsi muna karyawa da wake da shayi a ɗakin ma'aikata, sai kofina ya zame daga gabana ya tafi wurin wani. Aka yi dariya. Ya dawo da kansa, ya wuce ni, ya faɗi ƙasa ya fashe. Ba wanda ya sake dariya. Iskar arewa ce, shamal, ta taso ba sallama, tana bugun jirgin ta gefen hagu. Ku da kuke yawo a bakin Abhur ba ku san ta a tsakiyar teku ba. Jirgi mai hawa shida zai kwanta ta gefe har ka ga ruwa ta taga inda ya kamata ka ga sama, ya tsaya a nan kamar yana shawara, sannan ya tashi ya kwanta ta ɗaya gefen. A zauren fasinjoji mutane cikin harami suna ta amai, jakunkuna na yawo, mata na salati. Aka yi shela kowa ya zauna a ƙasa ya riƙe wani abu. Kyaftin ya ce an soke zagayen garaji, kada wanda ya buɗe ƙofa.

Malam Yakubu ya same ni a lungun matakala, yana dafa bango.

"Usman, Hajja."

"Ka ɗan jira, Malam. Yanzu za ta lafa."

Na san ba za ta lafa ba. Shamal in ta fara da hantsi sai yamma. Amma ni haifaffen Jidda ne mai zama da iƙama, takardar izinin zama, iƙamar kuma a hannun kafili take, wato masu jirgin. Wanda ya ɓoye mutum a garaji ba kora kaɗai zai sha ba, 'yan sandan tasha za a miƙa shi. Daga nan sai a sa ni a jirgin sama zuwa ƙasar da ban taɓa gani ba, a bar matata da 'ya'ya huɗu a Kurayyat. Wannan lissafin na tsaya yi, alhali tsohuwa tana ƙasa ita kaɗai. Na manna kunnena a ƙofar ƙarfen. Ina jin sarƙoƙin garaji suna amsawa duk lokacin da jirgin ya kwanta, a cikinsu kuma akwai masu gunaguni, na kuwa san ko na wace mota ne.

Ya dawo karo na biyu, na sake ce masa ya jira. Kusan awa guda na cinye a haka. Ba mantuwa ba ce, ba ruɗewa ba ce, ina sane. A karo na uku ya zo hularsa ta faɗi bai ma sani ba. Ya kama gaban rigata, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na san abin da za su yi maka, shi ya sa ban je wurin kyaftin ba. Ni na roƙe ka. Amma uwata ce, Usman."

Bai rufe baki ba muka ji ƙara daga ƙasa, kamar an harba bindiga a cikin tanki. Bayanta wani dogon kukan ƙarfe yana jan ƙarfe, sai wani dum da ya zo mana har tafin ƙafa. Baba Sale ya fito daga ɗakin ma'aikata, kansa a karkace.

"Wannan layin hagu ne," in ji shi.

"Baba, akwai mutum a ƙasa."

Ya dube ni, ya dubi Malam Yakubu. "Waye?"

"Tsohuwa. Mahaifiyarsa."

"A ina?"

"A farar motar da ke gefen mai riɗi."

Bai zage ni ba. Ya ɗaga oba-oba ya yi wa kyaftin magana da Larabci. Muna jin ihun kyaftin daga inda muke tsaye. A ƙarshe ya ce zai juya hancin jirgin ya fuskanci iska don a samu sauƙin kwanciyar, amma ba zai iya riƙe shi a haka fiye da 'yan mintoci ba. Baba Sale ya ce wa Malam Yakubu, "Kai tsaya nan, ka yi mana addu'a." Ya kira Misirawan, ya buɗe ƙofa, muka gangara.

Zafi da warin gas suka fara tarar mu. Rabin fitilun sun mutu. Da na sa ƙafa a ƙasan garajin sai ta tafi da ni, na faɗi zaune. Buhuna sun zubo sun fashe, riɗi ya malale ko'ina, ya haɗu da man da ke ƙasa. Ba a iya tsayawa a kansa. Da rarrafe muka tafi, muna kama zobba da tayoyin motoci.

Sarƙoƙi biyun da ke riƙe motar riɗi ta ɓangaren tsakiyar jirgi sun tsinke, waigin ya fice. In jirgi ya kwanta hagu, sai gindinta ya zamo ya doki farar motar ya matse ta da bango. In ya kwanta dama, sai ta ja baya ta bar fili, sannan ta sake dawowa. Gefen farar motar ya riga ya lotsa, gilasai sun farfashe, zannuwan da muka rataya suna lilo. Ƙofofin ɓangaren bango ba sa buɗuwa. Hanya ɗaya ce: a shiga filin nan na tsakaninsu, a buɗe ƙofar da ta lotsa, a fito kafin babbar ta dawo.

Baba Sale ya tura Misirawan su kewaya su maƙala sababbin sarƙoƙi ta ɗaya gefen. Shi ya jawo wani ƙaton katako da tsohuwar taya, ya miƙa mini ƙarfen ɓanɓara.

"In ta tafi, ka shiga. Ka ƙirga bakwai ka fito, da ita ko babu ita. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

"Yanzu!"

Na shiga. Ƙofar ta ƙi. Na leƙa ta tagar da ta fashe, sai na gan ta a ƙasa tsakanin kujeru, ta duƙunƙune, gilashi duk a kan mayafinta, bakinta yana motsi. Na ji usur, na yi baya da sauri. Motar ta dawo ta daki tayar da Baba Sale ya jefa, tayar ta lanƙwashe kamar gurasa. A shiga ta biyu na cusa ƙarfen na danna da dukkan jikina, ƙofar ta ɓalle. Usur, na fita. A ta uku na kai hannu gare ta.

"Waye?"

"Usman ne, Hajja."

"Ka daɗe, ɗana."

"Zan goya ki, Hajja."

"Goya ni."

Ba ta da nauyi, amma ƙafafunta sun sandare, sai da na jawo ta. Ƙirgata ta wuce bakwai, na sani. Na juyo da ita a bayana, na yi taki ɗaya, riɗi ya kwashe ni, na faɗi a kan gwiwoyi a tsakiyar filin. Na ji jirgin ya fara komawa hagu. Na ɗaga kai na ga gefen babbar motar yana tahowa, ba da gudu ba, a hankali. Ban iya tashi ba.

Baba Sale ya cusa katakon nan tsakanin ƙarfen motar riɗi da bangon jirgi, ta bayan farar motar. Katakon ya so ya zame a kan riɗi, sai ya riƙe shi da hannu a inda zai tsaya. Motar ta zo ta hau kansa. Na ji katako yana ƙara, ya tsage, amma bai karye ba. Gefen motar ya tsaya yana taɓa kafaɗata.

"Wuce!" Abin da ya ce ke nan. Bai yi ihu ba.

Na rarrafa da ita na fita. Da jirgin ya koma dama motar ta saki, Misirawan suka samu suka tamke ta. Sai a lokacin na ga hannun daman Baba Sale. Ya naɗe shi da rawaninsa, ya ce mini, "Me kake kallo? Hau da ita." Na hau da ita matakalar nan taki-taki, tana ta karanta abin da take karantawa a bayan kunnena. A sama Malam Yakubu ya karɓe ta, ya zauna a ƙasa ya rungume ƙafafunta.

Kyaftin ya tara mu tun kafin mu ga fitilun Jidda. Ya ce wa ya bar mace a garaji, wa kuma ya ɗaure motar nan. Ni ina tsaye a baya. Baba Sale yana zaune, fuskarsa ta yi toka, rawanin ya jiƙe.

"Garajin nawa ne, ya kabtin," in ji shi. "Makullin a wuyana yake."

Kyaftin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na sunkuyar da kai. Haka aka rubuta.

Muka iso an yi magariba. A bakin tasha, kafin a sa ta a mota, Hajja ta ce a kira mata yaron nan ɗan Haɗeja. Ta dafa kaina a gaban jama'a, ta ce wannan ne ya fid da ita daga bakin mutuwa, za ta ambaci sunana a gaban Ka'aba, Allah ya ba ni masu yi mini yadda na yi mata. Mutane suka ce amin. Ni ma na ce amin. A daidai lokacin motar asibiti tana fita da Baba Sale ta ɗaya ƙofar.

Yatsu uku aka yanke masa. Masu jirgin suka sallame shi, suka soke iƙamarsa. Kwana biyu kafin a mai da shi Bur Sudan na je asibiti da lemo a leda. Na gaishe shi, na zauna. Ya daɗe yana kallon silin.

"Tsohuwar ta yi umrarta?"

"Ta yi, Baba."

"Madalla. Sarƙa nawa ka sa?"

"Huɗu."

"Na gani da idona. So nake in ji ko bakinka zai iya faɗa." Ya gyara kwanciya. "'Ya'yanka ƙanana ne, nawa sun tasa, ni kuma ina da garin da zan koma. Ba zan faɗa wa kowa ba. Kai za ka faɗa, ranar da ka iya."

Na ce to.

Bayan shekara biyu aka ba ni matsayinsa. Na riƙe shi har na bar aiki, ban kuma sake rage sarƙa ko ɗaya ba, ban sake barin mai rai a garaji ba, ko wa ya roƙe ni, da kowane harshe. Amma ban faɗa ba. Kyaftin ɗin ya koma ƙasarsu, jirgin an yanka shi an sayar da ƙarfen, Hajja da Malam Yakubu sun riga mu gidan gaskiya. Baba Sale ma ya rasu a Bur Sudan, ina ta cewa baɗi zan je.

Ya bar 'ya'ya da jikoki, waɗanda har yau abin da suka sani shi ne tsohonsu ya manta da mace a garaji, ya yi sakaci da ɗauri, aka kore shi. Ba shi ba ne. Ni ne, Usman, na bar ta, ni na sa sarƙa huɗu na ce takwas, ni na yi shiru awa guda a bakin ƙofa, na kuma yi shiru a gaban kyaftin. Na rubuta wannan kwafi biyu. Ɗaya naku ne, samari. Ɗayan na ba wani direba da zai ƙetara jibi, ya kai wa babban ɗan Baba Sale hannu da hannu. Abin da ya ga dama ya yi da ni, ya yi.

Wanda ya karanta, ya yi wa Baba Sale addu'a. Allah ya yafe mana.